Kufan Azelik: abin da ya sa na ce ku tsaya Ingal tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso ni jiya bayan magariba, ƙanwarka ce ta karanta mini. Ka ce kai da abokanka kun ɗauki hanyar Tawa, kuna so ku ratse ta Ingal ku ga Tegidda, garin gishiri, da kufan Azelik, kuma kana tambaya don me na ce ku sayi shayi da sukari ku fara gaida manyan Ingal, kada kuma ku ɗauko ko tsakuwa daga kufai. Ka ce ko tsoron iskoki ne irin na mutanen da.

Iskoki suna nan a bakin tsofaffi, ban musa ba. Kakarka ba ta ratsa kufai da tsakar rana sai ta yi sallama. Amma ba su ne dalilina ba.

Wurin da za ku, wato Azelik, masana da yawa sun yarda shi ne Takadda, garin jan ƙarfen da Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya sauka a 1353. Ya ce ana haƙo ƙarfen a bayan gari, a narka shi cikin gidaje, a zuba shi sanda-sanda, masu kauri da sirara. Masu kaurin 400 ake ba da su a kan miskali ɗaya na zinariya, siraran kuwa 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itacen girki, da masu kaurin ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi, Allah ya yafe wa na gaba. Ka lura da wani abu: cikin ƙasashen da ya ce ana kai ƙarfen akwai Barno, akwai wadda ya rubuta Kubar, wato Gobir. Gobirawan nan na Tsibiri da kuke yi wa ba'a a kasuwa, su da kansu suna cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro. Maradi tamu kuwa jaririya ce a gaban wannan labari, don sai bayan da Katsina ta faɗi a hannun masu jihadi, wajen 1807, sarautarmu ta kafu a nan.

To garin ya mutu, amma mutanensa ba su ƙare ba. Mutanen Ingal da Tegidda, masu yin harshen Tasawak, suna cewa daga Azelik suka watse bayan yaƙi ya ci garin. Ka ga kenan kaburburan da za ku gani jere da duwatsu, ga kufan masallatai a gefe, suna da jikoki da rai. Kai da wani zai fito daga mota ya taka kabarin kakanka yana ɗaukar hoto, ko sannu bai ce maka ba, ya za ka ji?

Ni ma na yi wautar. Ina saurayi, ina yaron mota, mukan kai gero arewa mu dawo da gishirin Tegidda, jan nan da ake ba dabbobi su lasa. Wata rana maigidana ya biya da mu Azelik tare da wani dattijo da ya raka mu. Ƙasar wurin cike take da fasassun tukwane, in ka duƙa sai ka ga ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero ya yi tsanwa. Na tsinci ɗaya na jefa aljihu, wai tsarabar uwarka. Dattijon bai ce uffan ba sai da muka zauna shan shayi, aka zuba kofi na biyu, sannan ya miƙo tafin hannu ya ce in ba shi abin mutane. Kunya ta rufe ni. Ya tashi da kansa ya mayar da shi inda na ɗauka, don ashe idonsa na kaina tun farko.

Shayi da sukarin kuwa ba kuɗin shiga ba ne, kada ku miƙa shi kamar kuna biyan haraji. Gaisuwa ce. Mu nan goro muke kaiwa, can shayi ya fi daraja. Ku zauna, ku tambayi lafiyar gida da ta dabbobi da labarin ruwa, ku bari su tambaye ku abin da ke tafe da ku. Kada ku tashi kafin kofi na uku. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a can maganar ta wuce karin magana, don bayan Ingal ba kwalta, sawun mota ya rarrabu, wanda bai san daji ba sai ya kwana yana zagaye wuri ɗaya. Su ne za su haɗa ku da mai raka ku, shi zai nuna muku inda ake narka ƙarfen da inda ba a takawa.

A Tegidda ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton matan da ke aiki a ramukan gishiri. Gishirin kuwa ku saya, na sayarwa ne, kada ku yi dogon ciniki. Ku tsaya wajen jandarma a Ingal ku ji halin hanya, in sun ce ku dakata ku dakata. Ka kawo mini dunƙule biyu na gishirin saboda tumakin nan, ka kuma kira uwarka in kun isa Abalak, tun jiya take tambayata.