Kun Tambaya, Mun Amsa: Wane Takalmi Ya Dace Da Shiga Ruwa?

Tambaya daga wani mai karatu a Abuja: Assalamu alaikum. Na fara koyon tuƙa kayak, ƙaramin kwale-kwalen nan na mutum ɗaya. Na ga wani kambas da aka ce ruwa ba ya shigarsa, kuma da tsada. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. Irin wannan kambas an yi shi ne don ruwan sama da raɓa da tsallaka ƙananan kududdufai. A cikinsa akwai wani siririn shafi, mafi shahara shi ne Gore-Tex, wanda ya samo asali daga binciken Bob Gore a Amurka a 1969. Ƙofofin shafin ƙanana ne ƙwarai, tururin gumi yana fita ta cikinsu amma ɗigon ruwa ba ya wucewa. Matsalar ita ce bakin takalmin a buɗe yake. Mai kayak kuwa dole ya taka ruwa har ƙwauri wajen shiga da fita. Da zarar ruwa ya haura idon sawu sai ya kwarara ciki ta sama, kuma shafin da aka sa don ya hana shi shiga shi ne zai hana shi fita. Ka ga ke nan za ka wuni ƙafarka na jiƙe kamar an tsoma ta a bokiti, fata ta yi laushi, bororo ya fito a dunduniya, takalmin kuma ya kwana biyu bai bushe ba.

Abin da kake buƙata shi ne takalmin da ruwa ke shiga ya fice nan take. In ka je saye, ɗaga shi ka duba gefe da ƙasa, ka ga ko akwai ƙananan ramuka na tsiyayar ruwa, waɗanda aka rufe da raga don kada tsakuwa ta shiga. Samansa ya zama raga ta roba, kada ka yarda da auduga ko fata, domin auduga tana shan ruwa, fata kuma tana ƙandarewa ta tsage in ta bushe. Gaban ya zama rufaffe da roba mai kauri saboda tuntuɓe, don duwatsun cikin ruwa ba a ganinsu sai an ji su a babban yatsa.

Sai ka juya tafin, nan ne aikin yake. Danna shi da farce: in robar ta ɗan lotsa ta dawo, za ta kama jiƙaƙƙen dutse, in kuwa ta yi tauri kamar bokitin roba, santsi za ta yi. Sannan ka lanƙwasa shi a hannu. Tafi mai kyau za ka ga wasu siraran tsagu sun buɗe baki kamar an yanka da reza. Su ne ke matse ruwa daga ƙarƙashin ƙafa don roba ta taɓa dutse kai tsaye. Paul Sperry ne ya fara sa su a takalman jirgin ruwa a 1935. Amma fa a sani, dutsen da gansakuka ta lulluɓe babu tafin da ke riƙe shi sosai, taku a hankali ne maganinsa.

Wani abin da masu koyo ke mantawa shi ne cikin kayak a matse yake. Akwai matakai biyu da ake tokare ƙafa da su, dunduniya kuma tana kwance a ƙasan jirgin. Takalmi mai tudun tafi ba zai zauna daidai ba. Doguwar igiya kuma tana iya saƙalewa a matakin, kuma in jirgi ya kife ƙafa ta maƙale, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Nemi mai zariyar roba da ake ja a ƙulle, ko ka ɗaure igiyar ƙulli biyu ka cusa bakinta ciki. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ba tare da safa mai kauri ba. Ya kama dunduniya cif, a bar wa yatsu fili kamar rabin santimita.

Tambaya daga Yawuri: Mu masunta ne, da silifas muke shiga jirgi tun kakanni. Mene ne laifinsa?

Amsa: Allah ya ba da sa'a, Malam. Silifas ba ya riƙe dunduniya, taku ɗaya cikin taɓo ya tsinke ko ya tafi. Jiƙaƙƙiyar ƙafa kuma tana zamewa a kansa. Ga ƙugiya a ƙasan jirgi, ga ƙayar ƙurungu, ga fasassun kwalabe a bakin mashaya, duk bai kare ka daga ko ɗaya ba. In kuɗi bai kai ba, takalmin roba mai maɗauri a baya ya fi shi nesa ba kusa ba. Ko a sami tsohon kambas mai raga a gwanjo, a cire soson ciki, a ƙona ƙusa a huda ramuka uku ko huɗu a kowane gefe daidai inda sama ya haɗu da tafi. Dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa kuwa, a bar shi a gaɓa. In mutum ya faɗa ruwa da shi zai cika, iyo ya gagara, kuma kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce da za ka ɗaga wajen hawowa jirgi. Kuma don Allah a riƙa sa rigar kariya daga nutsewa, ko da an iya ruwa.

Tambaya daga wata uwa a Bagwai: Yarana suna wasa a bakin dam. In na saya musu takalmin ruwa zai kare su daga tsargiya?

Amsa: A'a, Hajiya, ba zai kare su ba. Ƙwayar tsargiya tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke ruwa mai kwanciya, ta huda lafiyayyar fata ta shige ko babu rauni. Duk inda ruwan ya taɓa, ƙofa ce. Takalmi mai raga yanka da ƙaya kawai yake tsarewa. Dogon takalmin roba yana taimakon mai aiki a fadama muddin ruwan bai haura bakinsa ba. In kin ga jini a fitsarin yaro, musamman a ƙarshen fitsari, a kai shi asibiti a gwada. Maganin shi ne Praziquantel, kuma gwargwadon nauyi ko tsawon yaro ake bayarwa, don haka ma'aikacin lafiya ne zai auna.

Tambaya daga Legas: Takalmina na shiga ruwa wari yake yi, tafin kuma ya fara ɓamɓarewa.

Amsa: Gishirin teku da zafi ne suka haɗu a kansa. Duk ranar da ka dawo, cire soson ciki, ka ɗauraye komai da ruwan famfo har yashi ya daina fita, domin yashi shi ke cin ɗinki daga ciki. Cusa tsohuwar jarida, ka canja ta bayan awa biyu, ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ka ɗora shi a kan kwano da tsakar rana ko kusa da wuta, zafi yana sakin gam, soson tafi kuma ya ƙanƙance. Don wari, jiƙa shi minti talatin cikin farin binega kofi ɗaya da ruwa kofi huɗu, sannan ka ɗauraye. Tafin da ya ɗaga kuwa, bari ya bushe ƙamas, ka kai wa shumeka ya kankare tsohon gam ya sa sabo, ka ce ya bi shi da zaren roba, kuma kada ya ga ruwa sai bayan awa 24.