Amsa ga mai son zuwa aikin sa kai na ido a ƙasar waje

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina shekarar ƙarshe a karatun jinya, kin ga wata ƙungiya tana ɗaukar 'yan sa kai na mako uku zuwa ƙauyukan wata ƙasa don aikin ido, kina so ki sani ko tafiyar za ta amfani mutanen can, ko kuwa yawon buɗe ido ne aka sa wa farar riga. Sau biyu na yi irin wannan tafiya, kuma ta farkon har yau tana ci mini rai.

Buƙata kam akwai ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki da an iya kare su ko kuwa har yanzu ba a yi musu magani ba. Manyan dalilan biyu ne: yanar ido da rashin tabarau. Dukansu suna da magani. Abin dubawa shi ne hannun da za ki bi.

A tafiyata ta farko, ƙungiyar da na bi ta sauka da kwalaye cike da tsofaffin tabarau na sadaka. Kullum ƙauye ɗaya, mu gwada mutane, mu raba, a ɗau hoto, gobe mu yi gaba. A wani ƙauye aka kawo wani dattijo, jikansa na riƙe da sandarsa. Likitan da ke tare da mu ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, wato gulokoma. Muka ba shi kwalbar maganin ɗigawa guda ɗaya. Ya riƙe hannuna yana ta addu'a, ni kuma ina murmushi kamar na yi wani abu. Sai a mota na zauna na yi lissafi: kwalbar nan da ƙyar ta wuce wata guda, ciwon kuwa na har abada ne, kuma ganin da gulokoma ta cinye ba ya dawowa. Wa zai sake auna shi? Babu. Ko sunansa ba mu bar wa wani asibiti ba. Mun ba shi sa rai ne kawai muka tafi.

Ta biyun a Habasha na yi, ƙasar da ta fi kowace fama da amosanin ido. A can ba mu ne masu gari ba. Ma'aikatan asibitin yankin su ke tsara komai, mu 'yan taya aiki ne, kuma nan na koyi aikin. Mako na farko ba abin da aka bar ni na taɓa sai allon gwajin gani, wanda ke da harafin E yana fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu, don wanda bai iya karatu ba ya nuna da yatsu. A auna mita 6, a rufe ido ɗaya, a rubuta ƙarfin ganinsa da lamba, kamar 6/18 ko 6/60. Da farko na raina aikin. Daga baya na gane cewa idan na yi kuskure a nan, an tura wanda bai kamata ba zuwa tiyata, ko an mayar da mai buƙata gida.

Abin da ba zan manta ba shi ne matan da ke zuwa da matsefata a tare da su. Amosani idan ya yi ta maimaituwa tun ƙuruciya, sai fatar ido ta yi tabo ta ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar idon duk ƙiftawa. Su kan tsige gashin don su samu sauƙi, ya sake fitowa. Aikin gyara fatar bai fi minti 20 ba, kuma ma'aikatan jinya na can da aka horar su ne ke yi, ba baƙi ba. Su ne kuma ke komawa duba mutanen bayan mun tafi, su ne ke raba azithromycin, maganin kashe ƙwayar cutar amosani, su ne ke ta nanata wa iyaye wanke fuskar yara saboda ƙudaje.

Masu yanar ido kuwa, motar asibiti ke kwaso su. A cire yanar, a sa gilashin roba a cikin idon, washegari a buɗe bandeji. Kowa wannan safiyar yake so ya ɗauka a waya. Amma aikin bai ƙare a nan ba, sai an sake ganinsu bayan wasu makonni, domin idon da aka yi wa tiyata idan ƙwayar cuta ta shiga ba a gani da wuri ba, yana iya lalacewa gaba ɗaya. Shi ya sa wuraren da suka yi suna a wannan fanni, irin su asibitin Aravind da Dokta Venkataswamy ya buɗe a Madurai ta Indiya a 1976 da gado 11, 'yan ƙasa ne suka gina su kuma suna nan zaune.

Don haka kafin ki biya ko sisi, rubuta musu ki tambaya: wane asibitin yankin suke aiki da shi, wa ke duba marasa lafiya bayan baƙi sun tafi, kuma kuɗin da kika biya ina yake zuwa? In suka fara kame-kame, ki haƙura da su. In kuma suka ce za su bar ki ki yi abin da takardarki ba ta ba ki izinin yi ba, wannan ma ya isa ki gudu. Talaucin mutum bai mayar da idonsa abin koyon hannu ba.

In kin samu ta kirki, ki je. Kafin tafiya ki ƙware a gwajin gani da ɗiga magani, ki koyi gaisuwa da kalmomi kamar "duba sama" da "rufe ido" a yarensu, kuma ki girmama tafinta, don shi ne bakinki. Ki sa a ranki cewa yawancin ranakunki rubuta suna ne da jera layi cikin rana. Ni aikin da na fi yi shi ne gwada wa waɗanda suka haura shekara 40 tabaran karatu. Wata tela da ta ajiye ɗinki na sa mata tabarau mai ƙarfin +2.00, ta karɓi allura ta zura zare a karon farko, ta ƙi cire tabaran har ta tafi.