Amsa: Me ya sa cakulan truffle ɗina ya ƙi dunƙuluwa?

'Yar'uwa, kin ce kin gwada truffle irin na Faransa, wato ƙananan dunƙulen cakulan da ake haɗawa da kirim, haɗin ya yi ruwa, mai kuma ya taso sama. Galibi daga awo da zafi matsalar take.

Ki samu baƙin cakulan mai koko (cocoa) kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, giram 200, da kirim mai kauri (mai kitse kashi 35) mililita 100, da bota giram 20. Idan cakulan mai madara ne, ki kai shi giram 300, domin ya fi laushi. Ki guji na arha da aka haɗa da man ganye, ɗanɗanonsa ba ya kai na asali.

Ki yanka cakulan ƙanana a busasshen kwano. Ɗigon ruwa kaɗan kan sa shi ya cure. Ki ɗora kirim a wuta, da zarar gefensa ya fara fitar da ƙananan kumfa ki sauke, kada ya tafasa. Ki zuba kan cakulan, ki bar shi minti 2 ba taɓawa, sannan ki juya a hankali daga tsakiya har ya yi sheƙi. Sai bota.

Man da ya taso alamar zafi ya yi yawa ne. Kada ki zubar. Ki ƙara cokali ɗaya na madara mai ɗumi, ki ci gaba da juyawa, zai haɗe.

Ki rufe, ki sa a firij awa 2 zuwa 3. Ki ɗiba da ƙaramin cokali, ki mulmula da sauri da hannu mai sanyi, domin zafin tafin hannu kaɗai yana narkar da man koko. Ki birgima su cikin garin koko na cakulan (cocoa) marar sukari. Da zafin garuruwanmu, su zauna a firij, a cinye cikin mako guda.