Ga mai tambaya kan gonar gado da ta gaji

Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce gonar da mahaifinku ya bari ta daina bayarwa, 'yan'uwa na cewa a ba da ita haya ko a sayar, kai kuma kana son ka dasa itatuwa ta huta, amma kana tsoron kada ya zama almubazzaranci.

Ko me za a yi, kada ka yarda da haya babu sharaɗi a rubuce. Nan ne ciwona yake. Tamu ba ta kai kadada 2 ba. Bayan rasuwar Baba aiki ya ɗauke ni, sai na ba wani mutum ita na shekara 4. Sahu ɗaya muke tsayawa da shi, da shi aka ɗauki makarar Baba, shi ya sa kunya ta hana ni maganar takarda. Ranar da na koma, itatuwan da Baba ya yi renonsu duk babu, sai kututture, ya yi gawayi da su. Akwai wani faffaɗan dutse da Baba ke zama a kai ya yi alwala a gindin babbar bishiyar. Na tarar da shi a tsakar rana, da na dafa sai da ya ƙona mini tafin hannu. Na je na sami mutumin, jikina na rawa, ka san abin da ya ce? Wai inuwa ba ta cika buhu. Ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau in muka haɗu shi ke fara miƙo hannu yana murmushi, ni kuma in amsa sallama saboda Allah, amma ban iya kallon idonsa. Na yi ta roƙon Allah Ya cire mini abin a rai, bai gama fita ba.

Masara kan masara mutumin ya yi ta yi, urea kawai yake zubawa, kara kuma ya cinna masa wuta. Na damƙi ƙasar ta zube ta tsakanin yatsuna kamar toka, ko tana ɗaya ban gani ba. Wuta-wuta kuwa ta yi fure ko'ina, ita da ma gajiyayyiyar ƙasa take so, kuma irinta na iya fin shekara 10 a kwance yana jira. Ka riƙa tuge ta kafin ta zubar da iri, ka fitar da ita daga gonar.

Saura kaɗan in sayar. Abin da ya tsayar da ni hadisin Anas ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face an rubuta masa sadaka. Na san shi tun ina yaro, amma a kan dutsen nan ya shige ni. Da buhu nake auna gonar, ashe har tsuntsu na da rabo a cikinta. To ina almubazzaranci a nan? Aya ta 56 a Suratul A'araf ta hana ɓarna a ƙasa bayan gyaruwarta, ni a fahimtata ƙone gona na ciki.

Sai dai kada ka rufe ta gaba ɗaya, iyali za su ci abinci. Ni kashi 3 na yi mata, ina juyawa: hatsi, wake ko gyaɗa, sai ɓangaren da ke hutawa. Ka tuge wake ɗaya ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Ka fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne to yana tara wa ƙasa sinadarin da kake saye a buhun urea. Kara ka bar shi kwance ya rufe ƙasa, kashin dabbobi kuma ko kwando ɗaya ne ka kai. Inda ruwa ke gudu ka jera duwatsu a gicciye su tare laka.

Maganar 'yan'uwa kuma, ka yi a hankali. Gado haƙƙinsu ne, niyyarka mai kyau ba ta ba ka ikon danne rabon kowa. Yayata ta yi wata 8 ba ta ɗaga wayata, tana ganin so nake in cinye gonar da sunan addini. Sai da na biya ta rabonta kaɗan-kaɗan muka shirya. Shekara 2 na farko abin da na girbe abin kunya ne, a ta 3 na fara ganin tana.

Af, kututture! Kada ka tone su. Saiwar na nan da rai a ƙasa, in suka yi toho ka zaɓi 2 ko 3 masu ƙarfi ka sassabe sauran, sun fi sabon dashe saurin tashi nesa ba kusa ba. Na gindin dutsen Baba yanzu ya wuce tsayina. Ka je ka kankare ɓawon naku da wuƙa, in ka ga ɗanye a ciki ka dawo ka gaya mana.