Gurguzu, jari-hujja da kurar gardi

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, mene ne asalin kalmar gurguzu? Kuma karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ta dace da abin da Karl Marx ya faɗa kan ma'aikata?"

Ɗana, gurguzu 'ya'yan yakuwa ne, waɗanda ake daddawar batso da su. Ana kuma kiran abin da aka yi a cakuɗe, babu naka babu nawa, da gurguzu. Daga nan aka ara wa tsarin da ke cewa jama'a su mallaki gonaki da masana'antu tare. Kishiyarsa jari-hujja, wato mai jari shi ke da ta cewa.

Karin maganar kuwa ta kama rabin zancen ne. A littafinsa Das Kapital na 1867, Marx, Bajamushen masanin da ake danganta tsarin gurguzu da shi, ya duba masaƙun Ingila, ya ce lebura kan samar da abin da ya kai ladansa tun yini bai ƙare ba, sauran awannin kuma mai masana'anta yake yi wa aiki, daga nan riba ke fitowa. Har nan, gardi ya fito sarai.

Amma kura a ɗaure take da takunkumi, ba ta ƙulla ciniki da kowa ba. Leburan Marx kuwa ɗa ne, ba bawa ba, da ƙafarsa ya je ƙofar masana'anta. Abin da ya kai shi shi ne ba shi da gona, injin kuma ya kashe masa saƙar hannu, ƙarfinsa kaɗai ya rage ya sayar. A ganina nan ne nauyin hujjar Marx yake, kuma karin maganar ba ta kai can ba.

Ka kuma kiyaye, talaka daban, ɗan ƙwadago daban, ko da yake 'yan siyasa kan haɗe su. Manomin da ke noma gonar gado talaka ne, amma ba ya karɓar lada a hannun kowa. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sanarwarta ta Sawaba ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da hukumar En'e, ba tsakanin lebura da mai masana'anta ba. Haraji da jangali da aikin tilas ne suka dami mutanen da NEPU ta nema, domin masana'antu ba su da yawa a Arewa a lokacin.