Zanen ɗige-ɗige a tagar kantin masu kuɗi: ado ne ko taswira?

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Sidni ya turo mini hoton tagar wani kantin jakunkuna masu tsada, an ƙawata ta da zanen ɗige-ɗige na 'yan asalin Ostireliya. Wai hoton ƙasarsu ne, amma ni ban ga dutse ko bishiya a ciki ba. Sannan masu zanen suna samun wani abu kuwa?

Amsa: Malama, ba za ki ga bishiya ba, domin daga sama suke kallon ƙasar, kamar shaho. Da'ira cikin da'ira mashaya ce ko masauki. Layin da ya haɗa su hanya ce. Alama mai kama da kofaton doki kuwa mutum ne, wato gurbin da mai zama yake bari a kan yashi.

A da a kan rairayi da jikin mutane ake yin wannan zane lokacin bukukuwa. Sai a 1971, a ƙauyen Papunya da ke hamadar tsakiyar ƙasar, wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa su mai da shi kan allo da fenti. A 1972 suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula. Da maƙwabtansu suka koka cewa ana tona asirin ibada ga baƙi, masu zanen suka riƙa lulluɓe wasu alamomin da ɗige-ɗige.

Abin da masu kanti ke yawan mantawa shi ne kowane labarin ƙasa yana da masu shi, gadonsa ake yi. Ko ɗan ƙabilar ba ya zana yankin wani sai da izini, balle kamfani daga Turai.

Batun kuɗi kuwa, wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha kashi. Kamfanin Hermès ya fitar da ɗankwalin siliki da zanen 'yar asalin ƙasar Gloria Petyarre, har da sunanta a kai. Kamfanin Chanel kuwa ya sha suka a 2017 kan bumeran, sandar farautar 'yan asalin ƙasar, da ya sa wa tambarinsa ya tsuga mata kuɗi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne zanen Warlugulong na Clifford Possum Tjapaltjarri: an saye shi dalar Ostireliya 1,200 a 1977, aka sayar da shi miliyan 2.4 a 2007, shekara biyar bayan rasuwarsa. Sai a 2010 doka ta fara ba mai zane ko magadansa kashi 5 cikin 100 idan an sake sayar da aikinsa.

Ki ce wa ƙanen naki ya koma ya duba gindin tagar. Idan an yi abin bisa ƙa'ida, zai tarar da ɗan allo mai sunan mai zanen da yankinsa da cibiyar da yake aiki da ita. In babu, ya shiga ya tambaye su aikin wane ne.