Mutumin da ke reto a hannun agogo: da gaske ya hau ko dabara ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya turo mini guntun bidiyo a WhatsApp, tsohon fim baƙi da fari wanda ba a magana a ciki. Wani Bature mai tabarau yana reto a hannun wani ƙaton agogo a jikin dogon bene, motoci suna wucewa can ƙasa kamar tururuwa. Mun kwana biyu muna gardama a majalisa. Wasu sun ce zane aka yi a bayansa, wasu sun ce da gaske ya hau tunda lokacin babu kwamfuta. Wane fim ne, kuma wa ya fi gaskiya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, idan ka koma majalisa ka ce musu ba wanda ya ci gardamar nan gaba ɗaya. Titin da kuka gani a ƙasa na gaske ne, motocin ma na gaske ne, babu zane ko kaɗan. Shi ma mutumin da hannunsa ya riƙe agogon. Amma bangon da agogon yake jiki na katako ne, kuma da ya saki hannu ba kai tsaye a kan titin zai faɗo ba.

Sunan fim ɗin Safety Last!, ya fito a Amurka ranar 1 ga Afrilun 1923 daga kamfanin Hal Roach. Fred Newmeyer da Sam Taylor suka ba da umarni, jarumin kuma Harold Lloyd ne, ɗaya daga cikin manyan 'yan barkwanci uku na zamanin fim marar magana, shi da Charlie Chaplin da Buster Keaton. Sunan ma shaƙiyanci ne. A lokacin masana'antu da kamfanonin jirgin ƙasa suna ta yaɗa taken cewa kiyaye lafiya shi ne farko, sai masu fim suka juya shi, suka mai da shi na ƙarshe.

Labarin ba shi da wuya. Saurayi ne ya bar garinsu ya tafi birni neman arziki, ya ƙare a mai yankan yadi a wani babban kanti, amma wasiƙun da yake aika wa budurwarsa cike suke da ƙaryar ya zama babban mutum. Kwatsam sai ga ta ta biyo shi. Ana cikin haka ya ji manaja yana cewa zai ba da dala 1,000 ga duk wanda ya kawo dabarar da za ta tara jama'a a ƙofar kantin. Yana da aboki gwanin hawan gini, sai suka shirya abokin zai hau benen mai hawa 12 ta waje, su raba kuɗin. Ranar da za a hau, ɗan sanda ya tasa abokin a gaba saboda wata tsohuwar tsiya da ke tsakaninsu. Abokin ya ce wa saurayin ya hau hawa ɗaya kawai, zai zille wa ɗan sandan ya karɓe shi ta taga. Haka aka yi ta yi, kowane hawa sai abokin ya leƙo ya ce a ƙara ɗaya, har saurayin da bai taɓa hawan komai ba ya kai ƙololuwa. A hanya tattabaru sun sauka a kansa, raga ta faɗo ta nannaɗe shi, ɓera ya shige masa ƙafar wando, kare ya kore shi zuwa bakin sandar tuta. Agogon da kuka gani ɗaya ne kawai daga cikin masifun.

To yaya aka ɗauka? Ma'aikatan fim ɗin sun je tsakiyar birnin Los Angeles, suka hau rufin wani dogon gini na gaske, suka gina bango na katako a kan rufin, da tagogi da tubali na ado da komai, yadda zai yi kama da gefen bene. Ba a dab da bakin rufin suka kafa shi ba, sun ja shi ciki kaɗan. A ƙarƙashin inda Lloyd zai maƙale aka yi dandamali aka shimfiɗa katifu. Daga nan suka gina wata hasumiya ta katako a gefe, mai ɗaukar hoto ya hau da kyamararsa, ya karkata ta ƙasa daidai yadda rufin da katifun za su fita daga hoton. Abin da ya rage a idon kyamara shi ne bangon katako a gefe ɗaya, Lloyd a jikinsa, sai titi can nesa a bayansa da motoci da taragon lantarki da mutane suna harkokinsu, ba su ma san ana ɗaukar su ba. Idon mai kallo shi ke haɗa bangon da titin, ya yanke hukuncin cewa bangon nan ya miƙe har ƙasa.

Kana iya gwadawa da wayarka ba tare da ka sa kanka a hatsari ba. Ka hau ɗakin sama, ka ajiye kofi a kan tebur kusa da taga, ka ɗaga wayar ka karkata ta yadda teburin zai ɓace, ya rage kofin da titin da ke ƙasa. Duk wanda ka nuna wa zai ce kofin yana dab da faɗawa. Ilimin ke nan gaba ɗaya, sai dai yin sa da mutum mai motsi, na tsawon kusan minti 20 ba tare da asiri ya tonu ba, shi ne aikin ƙwararru.

Ba rufi ɗaya suka yi amfani da shi ba. Da yake dole titin ya riƙa nisa yayin da saurayin ke hawa, sai suka riƙa gina bangon a kan ginin da ya fi na baya tsawo. Wurin agogon an ɗauke shi ne a rufin gini mai lamba 908 a titin Broadway. Wani mai bincike, John Bengtson, ya yi shekaru yana gwada hotunan fim ɗin da tsofaffin taswirori da hotunan birnin har ya gano wuraren. Kai ma idan ka samu cikakken fim ɗin, ka daina kallon Lloyd ka kalli bayansa. Za ka ga gine-gine da allunan talla suna canzawa daga wannan hawa zuwa wancan, alhali a labari bene ɗaya ake hawa. Mutanen 1923 ba su lura ba, domin wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku ba ya karanta allon talla.

Akwai kuma hotunan da aka ɗauka daga nesa, inda ake ganin ɗan mitsitsin mutum yana hawan gini na gaske daga titi. Waɗannan babu dabara a ciki, amma ba Lloyd ba ne. Bill Strother ne, wanda ya fito a matsayin abokin. Shi sana'arsa ke nan tun kafin fim, hawan dogayen gine-gine da hannu da ƙafa don a tara jama'a a yi talla. Lloyd ya gan shi ne a 1922 yana hawan ginin Brockman a Los Angeles, ya tsaya cikin taron yana kallo cikin fargaba, daga nan tunanin fim ɗin ya zo masa. Saboda haka a labari Lloyd ne ya hau a madadin Strother, a zahiri kuma Strother ne ya sa kayan Lloyd ya hau a madadinsa. Akwai kuma ɗan kasada Harvey Parry, wanda bai buɗe baki ba sai bayan rasuwar Lloyd a 1971, sannan ya bayyana cewa shi ma ya shiga madadinsa a wasu wurare. A zamanin ana ɓoye irin wannan, domin sunan jarumi shi ke sayar da tikiti.

Kada wannan ya sa 'yan majalisarku su ce ashe wasan yara ne. Dandamalin katifun ba shi da faɗi, ba shi da shinge, kuma a saman dogon gini yake. Wanda ya faɗo da kyau zai tsira da targaɗe ko karaya, wanda ya faɗo a karkace katifa na iya cilla shi waje, daga nan kuwa sai titi. Sannan ga abin da yawancin masu tura bidiyon ba su sani ba: Lloyd ba shi da babban yatsa da manuniya a hannun dama. A watan Agustan 1919 ana ɗaukar sa hoton talla, aka miƙa masa bam da kowa ya ɗauka na wasa ne, ya kunna lagwanin yana kwaikwayon kunna sigari da shi, abin ya tashi a hannunsa. Ya rasa yatsu biyu da wani ɓangare na tafin hannu, idanunsa ma da ƙyar suka tsira. Tun daga ranar yake sa safar hannu ta fata mai launin jiki da yatsun roba a ciki, ya kuma ɓoye wa masu kallo har ya gama sana'arsa. Ka sake kallon guntun bidiyon, ka tuna mutumin da ke ɗauke da nauyin jikinsa a can yatsu takwas ne da shi. Ni a nan nake sara masa, fiye da batun tsawon gini.

Masu cewa zane ne ma ba shirme suka yi ba, fim ɗin ne kawai suka kuskure. Dabarar zane a kan gilashi tana nan tun kafin 1923: a zana rami ko gini a gilashi, a ajiye shi gaban kyamara, ya haɗe da abin da ke bayansa. Da ita Chaplin ya yi amfani a Modern Times na 1936, wurin da yake yawo da takalmi mai taya ido a ɗaure a bakin wani rami cikin kanti. Ramin nan zane ne, daɓe lafiyayye ne a ƙarƙashinsa. Amma zane ba ya motsi, titin Lloyd kuwa motoci na tafiya a kai. Dabarar haska hoto mai motsi a bayan ɗan wasa kuma ba ta kankama ba sai wajen 1930.

Idan kuma masu cewa da gaske ne suna neman gwaninsu, Buster Keaton za su nema. Shi a dandalin wasa ya tashi, tun yana yaro mahaifinsa ke jifa da shi a gaban 'yan kallo, ya koyi faɗuwa kamar yadda wasu ke koyon tafiya. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 gaban gida guda, mai nauyin kusan tan 2, ya faɗo a kansa yana tsaye, ya tsira domin buɗaɗɗiyar tagar sama ce ta sauka daidai inda yake, tazarar da ke tsakaninsa da katakon 'yan inci ne. A Sherlock Jr. na 1924 ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi da layin dogo, ya tashi ya ci gaba da gudu a cikin hoton, ya yi ta fama da ciwon kai. Sai bayan shekaru likita ya ɗauki hoton ƙashinsa ya gaya masa wuyansa ya taɓa karyewa. Keaton jikinsa yake sa wa a gaba, Lloyd kuwa ya fi dogara da lissafi da tsara inda kyamara za ta tsaya. Na fi jin daɗin kallon Keaton, amma idan koyar da mai ɗaukar hoto zan yi, Lloyd zan kunna masa.

Wani abin da ya sa wurin ke aiki shi ne kamannin Lloyd. Chaplin da Keaton kana ganinsu ka san 'yan wasa ne. Shi kuwa da tabarau da malafa da kwat, ya yi kama da akawun da ka bari a ofis, wanda ko tsani bai iya hawa ba. Shi ya sa tsoron ke kama mai kallo, dariyar kuma ta fito a matsayin ajiyar zuciya. Rashin sauti ma ya taimaka. A 1930 Lloyd ya sake hawan bene a Feet First, wannan karon da sauti, ana jin nishinsa da ihun neman agaji. A ganina nan dariyar ta ragu, don da wuya ka yi wa mutum dariya kana jin yana haki.

Idan kana cikin masu kallon fina-finan Jackie Chan, ka riga ka ga jikan wannan agogo. A fim ɗinsa Project A na 1983 ya rataye a hannun agogon wata hasumiya, sai dai shi ya saki, ya faɗo ta cikin rumfunan yadi har ƙasa, ya ji ciwo a wuya. Bai taɓa ɓoye cewa daga Lloyd da Keaton ya ɗauko darasi ba.

Fim ɗin bai fi awa ɗaya da kwata ba, kuma tun 2019 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, don haka samunsa a intanet ba wuya. Ku kalle shi tun daga farko a majalisa. Hoton buɗewa ma za ku ga saurayin a bayan sandunan ƙarfe, mahaifiyarsa da budurwarsa suna kuka, ga malamin coci, ga igiya mai zarge tana lilo a baya, za ku rantse rataye shi za a yi. Da kyamara ta sauya wuri sai ku ga tashar jirgin ƙasa ce, sandunan na ƙofar shiga ne, zargen kuma na miƙa wa ma'aikatan jirgi saƙo ne, rakiya aka yi masa zai tafi birni.